Yadda za ki koya wa 'yan mata kiɗan kilasik a Garwa, kuma su daɗe a cikinsa

Wata Laraba bayan la'asar, wata tsohuwa ta yi sallama a tsakar gidanmu da ke Yelwa a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Jikarta ta yi wata biyu tana zuwa wurina. Na kawo mata kujera, ta ce tabarma ta ishe ta. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Malama, na zo in gani da idona ne. An ce kin mayar mini da yarinya maroƙiya." Ban ja zance ba. Na zana layi biyar a takarda, na ɗiga ɗigo takwas a kansu, na miƙa wa yarinyar. Ta duba, ta rera, alhali ba ta taɓa jin karin ba. Tsohuwa ta karɓi takardar, ta juya ta sama da ƙasa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe karatu ne."

Kiɗan kilasik shi ne rubutaccen kiɗan da ya bunƙasa a Turai, wanda ake yi da fiyano, da gogen Bature mai tsirkiya huɗu da masu Faransanci ke kira biyolon, da sarewa, da murya. Na yi shekaru ina koya wa 'yan mata shi, kuma na gane cewa samun kayan kiɗa da malami ba shi ne babban aiki ba. Yarinya tana barin kiɗa ne idan gidansu bai yarda ba, ko idan babu wata mace da ta girme ta da ke riƙe da hannunta. Saboda haka wannan jagora ta fara daga gida, kayan kiɗa kuwa sai can gaba.

Mataki na farko: ki nemi yardar gida kafin ki taɓa tsirkiya

Kada ki aika takarda. Ki yafa gyale ki je da kanki, ki fara da uwa da kaka a cikin gida, su ne za su san lokacin da ya dace a gaya wa maigida. Idan kika tsallake su kika tafi zaure kai tsaye, kin ɓata rawarki da tsalle.

Ki san abin da ke ran mutane. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma goge musamman yana ɗauke da sunan bori da gidan magajiya. Uban da ya ji an ce 'yarsa za ta riƙe goge, abin da yake hangowa ke nan, kuma ba shi da laifi. Akwai kuma maganar addini. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma ke ba ki zo yin fatawa ba. Gidan da suka ce a'a don addini, ki yi godiya ki tashi da mutunci, kada ki koya wa 'yarsu a ɓoye ko da ta yi kuka. Wasu za su yarda da murya da karatun rubutun kiɗa amma ban da tsirkiya. Ki karɓa a haka.

Abin da ke kwantar da hankalin iyaye shi ne alkawari da za su iya dubawa da kansu: ɗaliban ajin mata ne zalla, ana tashi kafin magariba, ba a zuwa biki ko wurin rawa, ba a karɓar liƙi, ba a sa hoton yarinya ko bidiyonta a Facebook ko TikTok sai da izinin uba, kuma ƙofa a buɗe take ga duk uwar da ta ga damar zuwa. Ki faɗa da baki, ki rubuta, ki cika. Ni ina ƙara sharaɗi ɗaya da iyaye ke so ƙwarai: duk wadda makinta ya faɗi a boko ko ta fara fashin Islamiyya, ta huta sai ta gyara.

Idan an tambaye ki ko akwai matan Musulmi masu mutunci a wannan harka, ki ba su labarin ƙungiyar An-Nur wal Amal ta birnin Alƙahira. Mata ne makafi, da yawansu sanye da hijabi, suna karanta kiɗa da yatsa a rubutun makafi, su haddace shi kaf tunda ba sa ganin takarda ko mai ba da hannu, kuma sun yi wasa a ƙasashe da dama. Ki nuna bidiyonsu a wayarki. Na ga yadda fuskar uwa ke sauyawa idan ta kalle su.

Mataki na biyu: su wa, ina, yaushe

Ki fara da shida zuwa takwas, 'yan shekara 9 zuwa 14. Kada ki yi gwajin zaɓen masu baiwa. 'Yar da gidansu ke da talabijin da fiyanon wasa ita za ta ci irin wannan gwajin, 'yar talla kuwa ta faɗi, alhali dominta kika fara. Ki ɗauki wadda ke zuwa a kan lokaci. Kada kuma ki tsaya ga Hausawa kawai. Garwa gari ne na Fulani da Fali da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista, kuma aji yana ƙara armashi idan bayani na yawo tsakanin Hausa, Fulatanci da Faransanci.

Wuri ya zama gidan mace mai mutunci a unguwa ko ajin makaranta, inda yarinya za ta iya zuwa da ƙafa. Da zarar an ce sai an hau babur, kuɗin zuwa da dawowa zai cinye rabin ɗalibanki. Laraba da yamma da Asabar da safe sun fi dacewa. Ki tsara shekararki daga Satumba tare da makarantu, ki rufe a watan azumi, ki kuma saki masu rubuta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, tun wata biyu kafin jarrabawa.

Mataki na uku: malami

In ke kanki kin iya, kin huta. In ba ki iya ba, masu karanta rubutun kiɗa a arewa suna nan, sai dai ba a inda kike zato ba: shugabannin mawaƙan coci, tsofaffin 'yan badujalar soja da 'yan sanda, da wasu malaman sakandare. Ki leƙa Alliyans Faransez ta Garwa ki tambaya, ki kuma sa a yi miki cigiya a cikin ɗaliban jami'ar Marwa da ta Ngaundare. Wadda ke Kuseri ko Injamena ta nufi cibiyar al'adun Faransa da ke Injamena.

Galibi namiji za ki samu. A nan babu sassauci: ba ya zama da yarinya shi kaɗai, ba ya karɓar lambar wayarta, ba ya raka ta gida, ba ya taɓa hannunta don gyara riƙo. Ya nuna a jikinsa, ke ko wata babba ki gyara wa yarinyar. Na taɓa sallamar wani malami ƙwararre saboda na gano yana tura wa wata ɗaliba saƙo da dare, wai yana ƙarfafa mata gwiwa. Mun yi wata huɗu ba malami, kuma ban yi nadama ba. Idan malamin na coci ne kuma ɗalibai Musulmi ne, ku yi magana tun farko cewa darasi na sauti ne, ba na waƙoƙin ibada ba. Yawancinsu sun fahimta sarai.

Mataki na huɗu: wata uku na murya da tafi

Nan ne masu gaggawa ke tuntuɓe. Kada ki ba kowa kayan kiɗa a wata ukun farko. Yaranmu sun zo da dukiya a hannu: gaɗa. Yarinyar da ke tafa hannu tana sauya ƙafa tana amshi a lokaci guda ta riga ta mallaki abin da ake wahalar koya wa yara a wasu ƙasashe. Aikinki shi ne ki nuna mata yadda ake rubuta abin da ta riga ta sani.

Ki fara da bugu. Ku zauna a da'ira, ku tafa waƙar gaɗa da kowa ya sani, ki sa su gano inda ƙafa ke sauka. Sannan ki zana alamomin tsawon sauti. Sunayensu na Faransanci suna fassaruwa cikin sauƙi: zagayayya mai bugu huɗu, fara mai bugu biyu, baƙa mai bugu ɗaya, da mai ƙugiya wadda ke rabin bugu. Ni da duwatsu da 'ya'yan dabino nake jera su a ƙasa kafin mu koma allo.

Daga nan sai sunayen sautuka: do, re, mi, fa, sol, la, si. Haka ake kiransu a ƙasashen Faransanci, amma a Najeriya da yankin Ingilishi na Kamaru za ki ji ana cewa C, D, E. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai shekara guda, sannan ki gabatar da ɗayan, domin wadda za ta je Yola ko Legas wata rana za ta bukace shi. Akwai wurin da za ki dage. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, don haka ɗan taƙin da ke tsakanin mi da fa, da tsakanin si da do, baƙo ne a kunnen yara. Za su riƙa tsallake shi ko su buɗa shi fiye da kima. Kada ki ce musu kunnensu ne ba kyau, domin ba gaskiya ba ne. Ki rera, su maimaita, minti biyar kowane zama, har ya zauna.

Layi biyar ɗin nan kuwa, hannu ma ya isa allo. Yatsu biyar su ne layuka, tsakaninsu su ne gurabe huɗu. Yarinya za ta iya bita tana jiran layin famfo.

Ki sa su saurara da yawa. Malamin nan na Japan, Shinichi Suzuki, ya gina hanyarsa a kan cewa yaro yana jin harshen uwa kafin ya karanta shi, kuma kiɗa ma haka ne. Ki zuba kiɗa a katin waya ki ba iyaye mata, a kunna lokacin wanke-wanke.

Mataki na biyar: kayan kiɗa, da yaƙi da hunturu

Sarewar roba ce farkon saye. Tana da araha, ba ta tsoron zafi, ana wanke ta da ruwa da sabulu, kuma kowace yarinya za ta iya tafiya da tata gida. Bayanta sai ƙaramin fiyano mai lantarki, mai maɓalli 61, wanda ke aiki da batir, tunda kin san halin wutarmu. Cikakken fiyano maɓalli 88 gare shi, kuma wadda ta yi nisa za ta bukaci mai nauyin maɓalli, amma wannan maganar shekara ta uku ce. Fiyanon katako na gaske, ko kyauta aka ba ki, ki yi tunani sau biyu: mai gyara sautinsa sai an ɗauko shi daga kudu.

Gogen Bature shi ne abin da yara suka fi ƙauna, shi ne kuma ya fi ba da wahala. Yana zuwa girma-girma: rubu'i, rabi, uku bisa huɗu, da cikakke. Ki ɗora shi a kafaɗar yarinya ta miƙe hannun hagu. In kan gogen ya kai tsakiyar tafin hannunta, ya yi mata. In ya wuce, ya yi girma, kuma zai sa mata ciwon wuya. Tsirkiyoyinsa huɗu su ne sol, re, la, mi, ana fara daidaita la a kan lamba 440 ta ma'aunin sauti, kuma akwai manhajar waya kyauta da ke yin wannan. Bakan da ake gogawa da shi gashin doki ne, ana shafa masa ƙaro kamar yadda masu gogenmu ke yi, sai dai ki sayi wanda aka yi dominsa. A sassauta bakan bayan kowane darasi.

Farcen hannun hagu dole a yanke shi ƙasa, lalle kuwa ba ya hana komai. A cire awarwaro da dogon ɗankunnen hagu. Hijabi mai santsi yana sa goge zamewa daga ƙarƙashin haɓa, sai a sa na auduga ko a shimfiɗa ɗan ƙyalle a kafaɗa. Babu dalilin da zai sa yarinya ta cire lulluɓinta don ta yi kiɗa.

Katakon goge yana son iska mai ɗan laima, wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Hunturunmu yana busar da iska ƙasa da haka nesa, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. A hunturun farko na yi asarar goge ɗaya. Na bar shi a ɗaki mai rufin kwano, da safe na buɗe akwati na tarar fuskarsa ta tsage daga ƙasa har kusa da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa. Tun daga nan ga abin da nake yi: soso mai ɗan danshi, a matse shi sosai, a sa cikin gidan sabulu mai huji, a ajiye cikin akwatin ba tare da ya taɓa katako ba, a duba shi kullum. Akwatunan kuma suna kwana a ɗakin ƙasa kusa da randa. Da damina sai a cire soson, a riƙa buɗe akwati yana shan iska. Kada a bar goge a mota ko a rana ko na minti goma. Duk mai zuwa Yawunde ko Duwala, ki ba shi saƙon tsirkiya, musamman ta mi, ita ce siririya mai yawan tsinkewa.

Idan kayan sun yi kaɗan, kada ki karaya. Ƙungiyar makaɗan Kimbangu ta Kinshasa, wadda Armand Diangienda, tsohon matuƙin jirgin sama, ya kafa a 1994, da karɓa-karɓar 'yan kayan kiɗa ta fara, har da wayar birkin keke sun yi tsirkiya. Goge biyu sun ishi yara shida in an tsara lokaci. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar.

Mataki na shida: kowace yarinya da yayarta

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Malami yana koyar da yatsu, amma ba shi ne zai san cewa yarinya ta daina zuwa don an ɗora mata tallan yamma, ko don ƙawaye sun fara kiranta zabiya, ko don ta fara al'ada tana jin kunyar fita ba. Mace ce za ta san wannan.

Ba sai mun aro tsarin daga waje ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta kafa 'yan taru: tana koyar da manyan mata da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa da rawani, su kuma su koma garuruwansu su koyar da matan da ke cikin gidaje, da waƙoƙi cikin Hausa da Fulatanci. Ƙasar nan tamu ta Fombina tana cikin daular da aka yi wannan. Abin da nake kwaikwayo ke nan.

A shekarar farko ki nemi mata biyu ko uku da unguwa ke ganin girmansu, ko ba su san do da re ba: malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗalibar jami'a. Kowace ta riƙe yara uku. Aikinta a fili yake. Ta ga kowace yarinya sau ɗaya a mako, ta ji abin da ta koya ko da minti biyar ne. Ta leƙa gidansu sau ɗaya a wata ta gaida Inna. In yarinya ta yi fashi sau biyu a jere, ta je a ranar, ba ta jira na uku ba. Ta duba katin sakamakon makaranta. Abin da yarinya ta gaya mata amana ne, sai fa in ya shafi cutarwa, nan kam dole ya iso gare ki da iyaye. Daga shekara ta biyu, ɗaliban farko su ne za su zama yayyen sababbi. 'Yar shekara 14 da aka ce mata "ga ƙanwarki, koya mata riƙon baka" tana sauyawa a idonki. Ta daina makara, ta fara bita ba a sa ta ba, don kada ƙanwa ta kama ta da kuskure.

Yayyen su riƙa ba da labarin matan da suka riga mu, domin yara su san ko a Turai ƙofar ba a buɗe aka same ta ba. Babbar ƙungiyar makaɗan Biyana ta Ostiriya, wadda aka kafa a 1842, ba ta karɓi mace a matsayin cikakkiyar mamba ba sai 1997, kuma matar, Anna Lelkes, ta yi fiye da shekara ashirin tana yi musu kiɗa kafin nan. Florence Price ita ce baƙar mace ta farko da wata babbar ƙungiya a Amurka ta kaɗa babban kiɗan da ta rubuta, a Cikago a 1933. Marin Alsop ta kafa shirin rainon mata masu jagorantar makaɗa a 2002, tun kafin ta zama shugabar makaɗan Baltimo a 2007. Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Chineke! a Landan a 2015 saboda ta gaji da zama baƙar fata ɗaya tilo a kan dandamali. Biyun ƙarshen nan su nake yawan nanatawa, domin da suka shiga sai suka waiwayo suka jawo na baya.

Mataki na bakwai: kuɗi da takarda

Ki sa ɗan kuɗin wata, ko kaɗan ne, ki yafe wa marasa hali a asirce. Adashin iyaye mata yana iya sayen sarewa da tsirkiya. Ki rubuta duk sefa da ta shigo ko ta fita, ki karanta a gaban iyaye kowane zango. Idan aiki ya kankama, ki yi wa ƙungiyar rajista a ofishin perefe bisa dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990, domin babu mai ba da gudunmawar kayan kiɗa ga wadda ba ta da takarda. Takardun kiɗa kuwa kada ki saya: shafin IMSLP yana da dubbai kyauta, manhajar MuseScore kuma za ta ba ki damar rubuta waƙoƙin gaɗa da na daɓe ki buga wa yara. Ki yi hakan da gaske. Yarinyar da ta ga waƙar kakarta a kan layi biyar, kusa da ta Mozart, ba za ta ɗauki kiɗan nan a matsayin kayan aro ba.

Mataki na takwas: fitowa, da abin da ke gaba

Wasan farko a tsakar gida za a yi shi, mata zalla, bayan wata shida. A shimfiɗa tabarmi, a dama kunu, kowace yarinya ta yi minti biyu. Iyaye maza sai a wasa na biyu, in matansu sun kai musu labari. Bayan nan ne za ki duba ranakun da gari ke taruwa, kamar ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, ko ranar mata ta 8 ga Maris, ko ranar kiɗa ta 21 ga Yuni, kuma kowace fita da izininta daban.

Cikin takwas, wataƙila ɗaya ko biyu ne za su so su mai da shi sana'a. Ki gaya musu gaskiya cewa a ƙasarmu abincin mai wannan ilimi yana cikin koyarwa ne, don haka kada su saki boko. Hukumar ABRSM ta Ingila tana da jarrabawa mataki 1 zuwa 8, kuma tun 2020 tana da nau'in da ake ɗauka a bidiyo a tura ta intanet. Ko ba ku yi rajista ba, jerin darussanta ma'auni ne mai kyau na inda ɗaliba ta kai. A Legas akwai makarantar MUSON, ta ƙungiyar da aka kafa a 1983, mai ba da difloma. Ki fara tara wa mai ƙwazo bidiyon wasanninta da takardar haihuwa tun da wuri, ki kuma matsa mata ta koyi Ingilishi.

Sai maganar aure, wadda za ta zo ko kin shirya ko ba ki shirya ba. Idan yarinya ƙarama ce, yayarta da ke ku je ku roƙi iyaye a bar ta ta gama makaranta, ku tafi da wata dattijuwa da ake jin maganarta. Idan ta isa kuma tana so, ku yi maganar kiɗan da dangin miji tun kafin a ɗaura, kada a bari sai ta tare. Ta farko da ta yi aure a cikin ɗalibaina, mun sa mata sarewarta da littafin layi biyar a cikin kayan ɗaki, na kuma roƙi uwar mijin ta bar yaran maƙwabta su riƙa shigowa wurinta ranar Laraba. Hajiya ta ce sai ta ga irin karatun tukuna. Na tura mata takarda mai ɗigo takwas, amarya ta rera mata. Yanzu yara huɗu ke zuwa ɗakinta a Rumde Ajiya, biyu daga ciki jikokin Hajiyar ne.